Lamba Arba'in da Biyu

A shekarar da azumi ya faɗo mana a tsakiyar zafi, ina zaune wurin Goggo a unguwar Tremont, can ƙasar waje, hawa na uku, a ɗakin da tagarsa ke kallon jan bangon wani gini. Goggo ƙanwar babana ce. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma kafin ta cire takalmi idan ta dawo, ta riga ta ba ni labarin tsohuwar da ta wuni da ita, da na surukar tsohuwar, da na direban bas ɗin da ya kawo ta. A unguwarmu idan ana so magana ta isa kowane hawa kafin la'asar, Goggo ake gaya wa da azahar. Ni kuwa ina shekara ta biyu a kwaleji ina karatun kwamfuta, ko da yake rabin littafin da nake ɗaukar darasi a ciki waƙoƙi ne da na rubuta wa tantabarun da ke sauka a kan wancan jan bango.

Masallacinmu tsohon shagon kujeru ne. A ɗakin ƙasansa ake rabon abinci ga iyalan da abin ya yi wa nauyi: shinkafa, mai, gari, madara, ganyen shayi. Wanda ke riƙe da rabon shi ne Baba Sakatare, mutumin Maraɗi, mai kantin kayan masarufi a kan kwana. Ya tsara abin da kyau. Ba a rubuta suna a jikin jaka, lamba kawai ake sawa. Kowane iyali da lokacinsa, a shiga ta ƙofar baya kusa da shagon wanki, minti goma tsakanin wannan da wancan, don kada maƙwabci ya yi karo da maƙwabcinsa riƙe da jaka. Mata irin su Goggo su ke ɗaure jakunkunan ranar Talata, ba su san na wane ne ba. Sunayen suna wurin Baba shi kaɗai, shi da kwamfutar ofishin masallaci.

A cikin kwamfutar akwai wata manhaja da wani ɗan'uwa ya ɗora kafin ya koma wata jiha. Irin manhajar nan ce da masu ita suka bar rubutunta a fili, kowa na iya saukewa kyauta, ya karanta yadda aka gina ta, in ya ga abin gyara ya faɗa. Wuraren rabon abinci da dama suna amfani da ita, har da coci-coci. Aikinta shi ne ta tura wa kowane iyali saƙo a waya, da adireshin shafin da za su taɓa su ga ranarsu da lokacinsu. Da Baba ya ji ina karatun kwamfuta sai ya miƙa mini makullin ofis, ya ce in riƙa leƙa masa ita, don shi abin da ya sani game da ita shi ne inda ake kunnawa da inda ake sa suna.

Sai in gabatar da Hajiya, don labarin nata ne duk da ba ta sani ba. A hawa na huɗu take, saman mu. 'Yar zangon Kumasi ce, tana da tebur a titi na 125 a Harlem inda take sayar da turare da man kaɗanya da sabulun salo. Kafin ka gan ta za ka ji awarwaronta a kan matakala. Duk Juma'a takan shigo masallaci ta ƙofar gaba da kwalin dabino a ka, ta sauke shi da ƙarfi yadda sahun baya ma za su san sadaka ta iso. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Kwamfuta take ce mini, kuma "kai" take ce wa kowa, mace ko namiji, irin na mutanen zango.

Rana ta uku ga azumi, Asabar bayan azahar, ina ofis ni kaɗai da fanka mai kukan tsufa. Baba ya buɗe mini lambar gwaji, arba'in da ɗaya, wadda ba ta kowa ba ce tun da mai ita ya tashi daga unguwar, don in ga yadda saƙon ke zuwa. Saƙon ya shigo wayata, na taɓa, shafin ya buɗe. Yunwa ta sa idona ya tsaya a kan adireshin da ke saman shafin, na ga ya ƙare da 41. Na daɗe ina kallon lambar kamar yadda nake kallon tantabaru. A makon nan malaminmu ya yi maganar adireshi irin wannan a aji, ni kuma ina rubuta baiti a lokacin, amma ashe kunnena ya ɗauki wani abu. Na goge ɗayan na sa biyu.

Na zata shafin zai kore ni. Bai kore ni ba. Ya buɗe mini kamar ni ce mai gidan. Na ga suna, da lambar waya, da lambar ɗaki a hawa na huɗu na gininmu, da yawan yara, shida. A ƙasa akwai ɗan bayani da Baba ya rubuta da yatsa ɗaya: maigida ya ji ciwo a baya, ba ya tuƙi, a yi hankali da kiran waya, ba ta so yara su sani.

Na kife wayar a kan tebur kamar ta ƙona ni. Yatsana ya so ya gwada arba'in da uku, ba zan yi ƙarya ba, ya so ƙwarai. Na zauna a kan hannuna har sha'awar ta wuce. Abin da na gane shi ne duk wanda aka taɓa tura wa saƙon nan, ko ɗansa da ke wasa da wayar, zai iya bin lambobin ɗaya bayan ɗaya ya karanta asirin unguwa gaba ɗaya, har da na mai awarwaro.

Na sami Baba a kanti yana jera gwangwanin tumatir. Na jira mai sayen albasa ta fita sannan na yi masa bayani. Ya saurara yana shafa gemu.

"Kin gani da idonki?"

"Ɗaya na gani, Baba."

Bai tambaye ni ta wa ba. Ya ce, "To, ba ki gani ba." Sannan fuskarsa ta washe, ya soma da "to" ɗinsu ta mutanen Nijar. "Bon, ai da sauƙi. Ranar Juma'a bayan sallama sai in karɓi lasifika in sanar. Jama'a, don girman Allah kada kowa ya taɓa lambar ƙarshe."

"Baba, masallaci cike da mutane, a ce musu ga wata lamba kada su taɓa?"

"Ai Musulmi ne, 'yata."

"Musulmi ne, amma suna da 'ya'ya 'yan shekara goma sha huɗu."

Shi kansa Baba yana da irinsu biyu a gida. Ya ajiye gwangwanin ya ce, "Me za a yi?"

Muka koma ofis muka rufe shafin gaba ɗaya. Baba ya ce zai riƙa kiran mutane da kansa ya faɗa musu lokacinsu, in an tambaya a ce inji yana hutawa. A nan wata damuwar ta taso. Baba Sakatare mutum ne da bai yarda waya na kai murya ba sai an taimaka mata. Idan ya ce "Alo!" a kantinsa, mai shagon wanki yakan amsa. Ya yi mini alkawarin zai riƙa shiga ɗakin ajiya, tsakanin buhunan shinkafa, ya yi raɗa. Na tsaya a bakin titi na gwada sauraron raɗar tasa, na ji lokacin da yake faɗa har da mintinsa. Don haka na san cewa kowane mako da injin ya yi yana hutawa, asirin Hajiya yana rataye ne a maƙogwaron Baba.

Masu manhajar suna da shafi a intanet inda kowa ke rubuta matsalar da ya gani, kowa kuma yana karantawa. Da na koma gida na buɗe shi na fara rubutu da zafina. Na kai layi na uku sai idona ya kai kan wata 'yar sanarwa a sama: idan matsalar da ka gano tana iya fallasa bayanan mutane, kada ka rubuta a nan, ka aiko mana a asirce ta wannan adireshin. Na kalli abin da na rubuta. Ashe ni ma lasifikar Baba na ɗauka, sai dai tawa ta fi tasa nisa, don har masu neman irin wannan kafa da gangan za su ji, alhali sauran wuraren rabon ba su rufe nasu shafin ba. Na goge.

Goggo ta shigo ta same ni na haɗa rai a gaban kwamfuta. Ba a ɓoye wa Goggo fuska. Na gaya mata akwai ɓaraka a injin masallaci, mutum na iya ganin sunan wani, mun rufe, kuma maganar ba ta fita daga ɗakin nan.

"Wa kika gani?"

"Ba zan faɗa ba, Goggo."

"Ni ce fa. Ni da na goya ki."

"Shi ya sa na san ki."

Ta yi tsaki, ta shiga kicin. Bayan shan ruwa ta kawo mini kunun gyaɗa a babban kofin da ba ta ba kowa, ta zauna kusa da ni. "Harafin farko kawai." Na sha kunun na yi godiya. Ta ƙwace kofin tun da saura.

Washegari da safe na zauna rubuta wa masu manhajar, Goggo ta ja kujera. Ta tambayi me zan ce. Na ce zan ce musu aikinsu yana da kuskure.

"Haka kawai? Ba sallama? Mutum ya zauna ya ƙera abu ya ba ku kyauta, ki faɗo masa ta sama ki ce aikinka ya ɓaci? Wa ya rene ki? Rubuta. Ki gaishe shi. Ki tambayi iyali."

A zuciyata na riga na zana mutumin: babba ne, mai furfura, a ofishin gilashi can saman wani dogon gini. Ni ma ina jin nauyinsa. Don haka na bi Goggo, tana faɗa da Hausa ina juyawa zuwa Turanci. Muka gaishe shi, muka gaida iyalinsa da abokan aikinsa. Muka tambayi yadda zafin bana ya same su. Muka yabi manhajar, na ƙara da nawa, na ce ta zame wa unguwarmu kamar inuwa a bakin hanya. Muka nemi afuwar ɗaukar lokacinsa. Can a ƙarshe na rubuta cewa akwai wani ɗan ƙaramin abu da wataƙila zai so ya duba idan ya sami sarari, ko da yake mai yiwuwa idona ne. Goggo ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce yanzu na yi kama da 'yar mutane. Na aika.

Kwana uku babu amsa. A kwanakin nan Baba ya yi kira goma sha wani abu daga cikin buhunan shinkafa.

Amsar da ta zo ba daga ofishin gilashi take ba. Mace ce, tana aiki a ɗakin karatu na wani ƙaramin gari, ita da wasu mutum biyu da ba ta taɓa gani ido da ido ba suke kula da manhajar, ranar Asabar, ba wanda ke biyansu. Ta ce ba a taɓa aiko mata wasiƙa mai daɗi irin wannan ba. Ta ce iyalinta lafiya, kyanwarta ma lafiya. Sannan ta ce ta karanta sau biyu ba ta ga matsalar ba, har ta fara ajiye wasiƙar cikin na godiya. In taimaka in gaya mata abu huɗu: me na yi, me na zata zan gani, me na gani, kuma wane zubi na manhajar, tsoho ko sabo, muke amfani da shi. Ta roƙe ni kada in turo mata bayanan kowane mutum na gaske, ko da hoto ne.

Na karanta wa Goggo. Ta riƙe haɓa. "Mace ce? Kuma da kyanwa cikin iyali?"

Ni dariya ba ta zo mini ba. Kwana uku na kashe wajen ladabi. Na rufa wa matar asiri har na rufe mata abin da take bukatar gani.

Wannan karon na ce wa Goggo ta bar ni. Na sauke manhajar a kwamfutata, na ƙirƙiri iyalai uku da ba su wanzu ba: Malam Mangwaro, Hajiya Gwanda, da Alhaji Kankana mai 'ya'ya tara. Na shiga a matsayin Mangwaro, na canza lamba, sai ga Kankana da 'ya'yansa tara a fili. Na ɗauki hoton wannan. Na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, yadda ko wanda bai san ni ba zai bi ya ga abin da na gani. Na faɗi zubin da muke da shi. Na faɗi cewa a namu na gaske shafi ɗaya na buɗe na tsaya, kuma mun rufe, kuma ban gaya wa kowa yadda ake yi ba. Duk kalmar da na ji tana da ƙamshi na cire ta. Abin ya yi mini wuya fiye da kowace waƙa, don ni a rubutu na saba in zagaya ta bayan gida in tsinko fure kafin in ƙwanƙwasa ƙofa. Layi takwas suka rage. Goggo ta leƙo ta kafaɗata ta ce ko ba komai a gaida kyanwar. Na ƙara layi na tara.

Kafin la'asar amsa ta dawo. Ta bi matakan, ta gani, gaskiya ne, kuma babba ne. Ta nemi in ba su mako biyu ban faɗa a fili ba, su gyara, su sanar da sauran wuraren rabo a asirce su sabunta tasu, sannan a bayyana wa duniya. Na ce na yarda. A lokacin ban san mako biyu yana da tsawo haka ba.

Ranar Juma'a ta biyu aka yi buɗa-baki a masallaci. Muna ɓangaren mata a kan tabarmi, ga waake, wato shinkafa da wake, da yajin shito na mutanen Gana, ga dambun mutanen Nijar, ga ƙosanmu, yara suna yawo tsakani ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Sai na ji awarwaro.

"Ei, ga shi nan! Kwamfuta!" Hajiya ta nuna ni da cokali. "Kai ne ka kashe injin masallaci, ko? Shekara nawa abu yana aiki lafiya, an ba ka makulli kwana uku ka aika shi lahira."

Mata suka fashe da dariya. Na ce, "Yana hutawa ne, Hajiya."

"Hutawa! Shi ma azumi yake? Yanzu bayin Allah masu karɓar abinci sai Sakatare ya kira su, da wannan murya tasa kamar jirgin ƙasa. Ni ba don kaina nake faɗa ba, tausayinsu nake ji. Kuɗin makarantar nan da ake biya maka, da tebur aka buɗe maka kusa da nawa."

Aka sake dariya. Amsar tana kan harshena, gajeriya, mai daɗi: ai saboda ke na kashe shi. Ko in sassauta in ce akwai ɓarakar da ke nuna sunaye, kowa ya san ba wauta na yi ba. Amma da na faɗi haka, kafin a tashi sallar isha rabin matan nan sun tambayi wace ɓaraka, 'ya'yansu kuma sun fahimta kafin su. Na kalli Hajiya. Tana dariya, amma hannunta na hagu yana riƙe da wayarta a kife a kan cinya, ta danne ta kamar mai tsoron kada ta yi ƙara.

Sai na ji hannun Goggo a kan gwiwata, ta matsa da ƙarfi. Na zata za ta kare ni. Ta ɗaga murya ta ce, "Ai ni ma na faɗa, Hajiya. Wannan waƙa kawai ta iya. Jiya na same ta tana yi wa tantabara baiti, shinkafa na ƙonewa." Daga nan ta kama labarin shinkafar, wadda ba ta taɓa ƙonewa ba, ta wuce zuwa na wata tsohuwa da ta ɓoye haƙoranta a cikin firji, har aka manta da inji. Ni dai na ci ƙosaina da ɗacin rai. A hanyar gida ban yi mata magana ba, ita ma ba ta nema ba.

Cikin mako na biyu matar ɗakin karatu ta aiko mini gyaran in gwada. Sun cire lambar daga adireshin, sun sa wani dogon jerin haruffa da ba mai iya cinka. Na gwada da Mangwaro, ya kasa leƙa gidan Kankana. Na kusa rubuta mata barka sai na tuna da tsofaffin saƙonnin da ke cikin wayoyin mutane. Na taɓa tsohon adireshin, na canza lamba. Kankana ya sake fitowa da 'ya'yansa tara, ko kunya babu. Na rubuta mata layi uku, ba gaisuwa. Bayan na aika na ji kamar na shiga gidan mutane da takalmi. Ta amsa da cewa wannan ita ce wasiƙa ta biyu mafi daɗi da aka taɓa aiko mata.

Ana saura kwana biyar sallah sabon zubin ya fito. Na ɗora shi a kwamfutar masallaci, Baba yana tsaye a kaina yana karanta addu'a. Muka buɗe shafin, saƙonni suka tafi shiru, kowanne zuwa wayar mai shi. Baba ya ce alhamdu lillahi, ƙurar shinkafa ta kusa ba shi tari. Bayan wasu kwanaki, da sauran wuraren suka sabunta, masu manhajar suka rubuta a fili abin da ya faru da yadda aka toshe shi. Matar ta tambaye ni sunan da za ta sa a wurin godiya, don haka al'adarsu take. Na so ƙwarai in ga sunana a wurin. Amma sunana zai kai mutum ga unguwarmu, unguwarmu ta kai shi ga ƙofar baya kusa da shagon wanki. Na ce ta rubuta wata mai amfani da manhajar. Ta rubuta haka. Har yau nakan buɗe shafin in kalli layin, in ce wa kaina ni ce.

Goggo ta ce ba a yi wa mutum irin wannan wahala a bar shi da godiyar baki. Sai an aika wa matar da tsaraba. Asabar bayan sallah muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa titi na 125. Masu tebur sun cika gefen hanya, ƙamshin turare yana kokawa da na soyayyar kaza. Goggo ta wuce tebur huɗu masu kaya iri ɗaya ta tsaya a na Hajiya.

"Ei, maƙwabta! Har da Kwamfuta. An ce wata Baturiya ce ta tayar da injin da ka kashe."

"Haka ne, Hajiya," na ce.

Goggo ta zaɓi man kaɗanya babban kwano, da sabulun salo, da turaren wuta ƙulli uku. Hajiya ta faɗi farashi, irin na farko, wanda ake faɗa don a yi dariya a fara ciniki. Goggo ta buɗe jaka ta biya. Na tsaya ina kallonta. Wannan matar na taɓa ganin ta yi rabin sa'a tana jayayya a kan tsintsiya. Ita ma Hajiya ta ɗan yi turus, sannan ta ɗauko wata 'yar kwalbar turare ta cusa mini a hannu. "Karɓi, Kwamfuta. Ka riƙa shafawa, ko ka sami miji tunda karatun bai karɓe ka ba."

A jirgin komawa na kasa haƙuri. "Goggo, ba ki taya ba."

"Ban taya ba."

"Me ya sa?"

Ta gyara ledar a kan cinyarta, ta kalli taga, ko da yake babu abin gani sai duhun rami. Ta yi ƙasa da murya, abin da ban san tana iyawa ba. "Ni nake ɗaure jakunkunan nan duk Talata. Ɗaurina daban ne, sau biyu nake zagayawa in soke ta ƙasa. Bara na hau hawa na huɗu aron turmi, na ga ɗaurin hannuna a bayan ƙofarta, da lambar a jiki. Tun ranar ganyen shayi biyu nake sa wa arba'in da biyu. Yara shida ba wasa ba ne."

Na ce, "Shekara guda? Ke, Goggo?"

"Ni ɗin."

"To me ya sa kika dame ni in faɗa miki? Har da kunu a babban kofi?"

"In ga ko cikinki yana riƙe magana. Da kin faɗa, da na sa Sakatare ya karɓe makullinsa." Ta harare ni. "Kuma kin sha mini kunu a banza."

Muka aika da tsarabar ta gidan waya, Goggo ta tsaya a kaina sai da na rubuta gaisuwa shafi guda na sa a ciki, wannan karon ban yi musu ba. Bayan mako biyu matar ta rubuto cewa man ya yi wa hannunta daɗi, turaren kuma ta kunna sau ɗaya kyanwar ta yi atishawa ta bar mata ɗakin. Goggo ta ce ai ta san za a yi haka, kyanwar da aka sa cikin iyali dole ta yi iyayi.

Hajiya ba ta daina ba da labarin yarinyar da ta kashe injin masallaci ba. Duk wadda ta tare a gininmu sai ta ji shi a kan matakala, kowace shekara kuma yana ƙara tsawo, har ya kai inda hayaƙi ya fito daga kwamfutar. Idan aka juyo ana tambayata ko gaskiya ne, nakan ce hayaƙin dai ban gani ba.